Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Matan da Ba Farar Fata Ba a Talabijin da Littattafan Tarihin Rai

A shekarar 2014 tashar ABC ta Amurka ta nuna wani ɗan taƙaitaccen wuri a cikin shirin How to Get Away with Murder wanda har yau ana zancensa. Annalise Keating, lauya kuma malamar jami'a da kowa ke shakka, ta dawo gida da dare ta zauna gaban madubi. Ta cire gashin kantin da ke kanta, ta ɓamɓare gashin idon da ta manna, ta sa tsumma ta goge kwalliyar fuskarta tas, har sai da ainihin fatarta da guntun gashinta suka bayyana. Viola Davis, wadda ta fito a matsayin Annalise, ta sha faɗin cewa ita ta nemi a sa wannan wurin. Abin da ta yi ɗin, miliyoyin mata baƙar fata suna yinsa kowane dare kafin su kwanta, amma talabijin ɗin Amurka ya shafe fiye da shekara sittin yana nuna su kamar da gashin kanti aka haife su. Shi ya sa abin da ba komai ba ne a ɗakin kowace mace ya zama labari a jaridu. Daga nan ne kuma za a fahimci abin da waɗannan mata suke nufi in sun ce suna neman wadda za su gane kansu a jikinta: suna neman a nuna macen da ke bayan ƙofa, bayan baƙi sun watse.

Ga mai karatu a Kano ko Maraɗi, maganar tana buƙatar ɗan bayani, domin a ƙasar da kowa baƙi ne, babu mai tashi da safe yana tuna launin fatarsa. A Amurka da Birtaniya kuwa akwai laƙabin da ake haɗa duk matan da ba farar fata ba a ƙarƙashinsa: baƙaƙen Amurka jikokin bayi, 'yan Afirka da Karibiyan da suka je daga baya, 'yan asalin Indiya da Pakistan da Sin da Koriya, 'yan Latin Amurka, da jikokin mutanen da Turawa suka tarar a Amurka. Babu harshe ko addini ko abinci da ya haɗa su. Abin da ya haɗa su shi ne an daɗe ana ba da labarinsu ba tare da an tambaye su ba. Ra'ayina a kan wannan batu shi ne, yawan fuskoki a akwatin talabijin bai taɓa warware matsalar ba, kyawawan halaye ma ba su warware ta ba. Mace takan gane kanta ne a jikin wadda aka bari ta yi kuskure, ta ji kunya, ta yi son kai, ta kuma ci gaba da zama abar so. Irin wannan hoton kuwa bai cika fitowa ba sai inda macen ce ke riƙe da alƙalami, kuma shi ya sa littattafan tarihin rai suka riga talabijin isa wurin da shekaru masu yawa.

Farkon tarihin ba ya buƙatar dogon sharhi. Hattie McDaniel ta ci lambar Oscar a 1940 saboda fitowa a matsayin baiwa mai reno a fim ɗin Gone with the Wind, kuma a daren bikin sai aka zaunar da ita a wani tebur na gefe, nesa da abokan aikinta farare. Da talabijin ya kankama, shirin farko da mace baƙa ta ja ragamarsa na dogon lokaci shi ne Beulah, daga 1950 zuwa 1953, labarin 'yar aiki mai fara'a wadda duk duniyarta ita ce warware matsalolin iyayen gidanta. A daidai lokacin kuma shirin Amos 'n' Andy yana nuna Sapphire, mace mai masifa da ɗaga murya a kan mijinta, har sunanta ya zama laƙabin da ake jifan duk baƙar macen da ta buɗe baki. Ƙungiyar NAACP mai fafutukar haƙƙin baƙaƙe ta yi ta kai ƙorafi a kan shirin. Beulah ba ta da gida nata da za a shiga, Sapphire kuma ba ta da dalilin fushinta. Dukkansu biyu an gina su ne daga abin da uwar gida farar fata take iya hangowa daga falonta.

Maganin da aka fara kawowa shi ne ya fi ban sha'awa, domin an gudu ne ba a tsira ba. A 1968 tashar NBC ta fito da Julia, inda Diahann Carroll ta fito a matsayin nas, wadda mijinta ya rasu a yaƙin Biyetnam ya bar ta da ɗa guda. Ga tsafta, ga ladabi, ga tufafi na gani na faɗa, ga gida mai kyau fiye da abin da albashin nas zai iya biya. A shekarar da aka harbe Martin Luther King, biranen Amurka suna ci da wuta, Julia tana zaune lafiya da maƙwabtanta farare. Mutumin da ya ƙirƙiro shirin, Hal Kanter, farar fata ne, kuma babu laifi a ce da kyakkyawar niyya ya yi. Sai dai masu suka daga cikin baƙaƙen kansu sun ce ba su san wannan matar ba. Haka aka sake yi a 1984 da Clair Huxtable ta The Cosby Show, lauya, matar likita, uwar 'ya'ya biyar, wadda ba a taɓa ganin ta rasa amsa ko tukunyarta ta ƙone ba. Mata da yawa sun so Clair, sun yi burin zama irinta. Amma burin zama kamar mutum daban yake da ganin kanka a jikinsa. Cikakkiyar mace marar aibi ita ma wani kurkuku ce, tunda saƙon da ke ƙarƙashinta shi ne, ba za a karɓe ki a falon mutane ba sai kin fi kowa.

Yanzu a ajiye Julia a gefe guda, a ɗauko littafin da ya fito shekara ɗaya bayanta. A 1969 Maya Angelou ta wallafa I Know Why the Caged Bird Sings, labarin ƙuruciyarta a garin Stamps na jihar Arkansas a hannun kakarta mai kanti. A ciki ta faɗi yadda take ganin kanta mummuna, tana mafarkin ta farka ta ga ta zama farar yarinya. Ta faɗi yadda saurayin mahaifiyarta ya yi mata fyaɗe tana ƙarama, yadda aka kashe mutumin bayan ta ambaci sunansa, da yadda ta ɗauka muryarta ce ta kashe shi, ta yi shiru kusan shekara biyar. Littafin ya ƙare da haihuwar ɗanta ba ta da aure. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da NBC za ta yarda ya shiga gidan Julia, amma littafin ne mata suka riƙa miƙa wa juna. Kuma Angelou ba ita ta fara ba. Tun 1861 Harriet Jacobs, baiwa daga garin Edenton na North Carolina, ta rubuta yadda ta ɓuya kusan shekara bakwai a wani ɗan lungu ƙarƙashin rufin gidan kakarta, inda ko miƙewa tsaye ba ta iya yi. Abin da ya fi ɓuyan nauyi a wajenta shi ne ta amsa da bakinta cewa, don ta kuɓuta daga ubangidanta da ke bibiyarta, ta yarda da wani farar fata daban har ta haifa masa 'ya'ya biyu. Ta san masu karatunta, matan coci na Arewacin Amurka, za su iya juya mata baya a kan wannan, ta kuma rubuta.

Dalilin wannan rata tsakanin littafi da talabijin ba wani sirri ba ne, kuɗi ne. Littafi yana buƙatar mace ɗaya, takarda, da mawallafi ɗaya da zai yarda. Shirin talabijin na tashoshin Amurka kuwa masu talla ne ke ɗaukar nauyinsa, su kuma suna biya ne gwargwadon yawan masu kallo da ƙarfin aljihunsu. Kafin rubutu ya isa gaban kyamara sai ya bi ta hannun furodusoshi da manajojin tasha, kowannensu yana tambayar ko iyalin farar fata a wani ƙaramin gari za su canza tasha. Duk wani abu mai kaifi a nan ake goge shi. Abin da ya faru da Margaret Cho ya nuna yadda injin yake aiki. A 1994 ABC ta gina shirin All-American Girl a kan wannan 'yar barkwanci, Ba'amurkiya 'yar asalin Koriya, amma ba ita ke rubutawa ba. A cewarta, an ce mata fuskarta ta cika faɗi, ta shiga rage ƙiba da ƙarfin tsiya har ƙodarta ta samu matsala aka kwantar da ita a asibiti, sannan aka ɗauko wani ƙwararre ya koya mata yadda za ta ƙara zama 'yar Asiya. Shirin bai wuce zango ɗaya ba. Ainihin Margaret Cho, mai zafin baki da raunin zuciya, sai a wasanta na dandali da littafinta I'm the One That I Want aka gan ta. Mace ɗaya ce, fuska ɗaya, abin da ya canza kawai shi ne wanda ke rubutun.

Duk inda talabijin ya dace, in aka duba za a tarar da mace a kujerar marubuci. Yvette Lee Bowser ce ta ƙirƙiro Living Single a 1993, labarin ƙawaye huɗu a unguwar Brooklyn, shekara guda kafin Friends ya zo da irin tsarin da fararen fuskoki ya kwashe suna da kuɗin. Mara Brock Akil ta yi Girlfriends daga 2000 zuwa 2008. Issa Rae kuwa, wadda mahaifinta likita ne ɗan Sanagal, ba ta jira tasha ba. A 2011 ta fara sa Awkward Black Girl a YouTube, da kuɗi suka ƙare masu kallo suka tara mata fiye da dala 56,000 ta intanet. Jarumar shirin ba jaruma ba ce: ba ta iya rawa ba, ba ta san abin da za ta ce wa abokin aiki in sun yi ta haɗuwa a baranda ɗaya ba, sai ta koma ɗaki ta rera wa kanta baitocin huce haushi. Daga nan aka samu Insecure a HBO, daga 2016 zuwa 2021, inda jarumar shirin, ita ma Issa, ta ci amanar saurayinta tun a zangon farko, ita da aminiyarta Molly, wadda Yvonne Orji haifaffiyar Fatakwal ta fito a matsayinta, suka shafe zango guda suna gaba a kan abin da ba wanda zai iya cewa ga mai gaskiya. A Birtaniya, Nida Manzoor ta yi We Are Lady Parts a 2021, labarin 'yan mata Musulmi a Landan da suka kafa ƙungiyar kiɗa, cikinsu har da Amina, ɗalibar digiri na uku mai neman miji ido rufe, wadda tsoron dandali ke sa ta amai. Kafin nan, Musulma a talabijin ɗin Turai galibi ko dai matar ɗan ta'adda ce ko kuma wadda ke jiran a cece ta daga mayafinta.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjarsu ta farko ba ta wasa ba ce. Suna cewa al'ummar da aka daɗe ana yi wa ƙazafi ba ta da sararin tonon asirin kanta a gaban waɗanda ke neman abin kamawa. In farar mace ta yi lalata a shiri, ita kaɗai ta yi, in baƙa ta yi, duk baƙaƙe sun yi. Da wannan aka soki Scandal na Shonda Rhimes a 2012, tunda jarumarsa Olivia Pope farkar shugaban ƙasa ce, da wannan kuma wasu Musulmi suka fusata da gwajin farko na Lady Parts a 2018. Suna kuma da misali mai ƙarfi: Nichelle Nichols, wadda ta fito a matsayin Uhura, ta so barin Star Trek, Martin Luther King ya roƙe ta ta zauna, kuma Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta ce ganin Uhura ya ƙarfafa mata gwiwa. Na yarda da wannan gaba ɗaya. Amma a lura, nauyin da ya hau kan Olivia Pope ya samo asali ne daga kasancewarta ita kaɗai: tun Get Christie Love! na 1974 ba a sake ba baƙar mace jagorancin shirin dirama a manyan tashoshi ba sai ita, shekara 38 ke nan. Wadda take ita kaɗai dole ta wakilci kowa, kuma babu mai iya wannan. Hujjar tasu tana nuna buƙatar yawa ne, ta yadda Uhura da Issa da Annalise za su zauna tare, kowacce ta ɗauki kayanta. In aka ce sai an gama wariya za a bar mace ta yi kuskure a allo, to an ba masu wariyar ikon zaɓar labarin da za a bayar.

Ja na biyu ya shafi littattafan da na yaba. Su ma ba su tsira daga kasuwa ba. Jacobs ta ɓoye sunanta ta kira kanta Linda Brent, sai da wata fitacciyar farar marubuciya, Lydia Maria Child, ta tsaya mata, kuma an daɗe ana ɗaukar littafin ƙagaggen labari kafin Jean Fagan Yellin ta tabbatar da marubuciyarsa a shekarun 1980. Da Maxine Hong Kingston ta fitar da The Woman Warrior a 1976, marubuci Frank Chin ya zarge ta da murɗe tatsuniyoyin Sin don su yi wa farare daɗi. Mu ma muna da namu misalin: Baba ta Karo ta ba da labarin rayuwarta da Hausa a ƙasar Zazzau, amma Mary Smith ce ta rubuta, kuma da Turanci ya fito a 1954, bayan Baba ta rasu. Ƙari a kan haka, mawallafa sun gano cewa wahalar baƙar mace tana sayuwa, don haka wadda ta tashi cikin rufin asiri ba tare da wani bala'i ba takan rasa mai buga mata. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ko a cikin wannan ƙunci, littafi yana barin ƙofar da allo ke rufewa. Michelle Obama ta shafe shekara takwas a Fadar White House tana taka-tsantsan kada a liƙa mata sunan Sapphire. A Becoming na 2018 ne ta faɗi cewa ta yi ɓari, cewa da taimakon likitoci ta hanyar dashen ƙwai ta haifi 'ya'yanta biyu, cewa ita da mijinta sun je wajen mai ba ma'aurata shawara. Littafin ya sayar da fiye da kwafi miliyan 10 cikin 'yan watanni. Viola Davis ma sai a Finding Me na 2022 ta ba da labarin gidan ɓeraye da yunwa da fitsarin kwance a garin Central Falls, abubuwan da ke bayan fuskar nan da ta goge a gaban madubi.

Ja na uku shi ne wanda na fi ɗauka da muhimmanci. Wa ya ce sai mutum ya yi kama da kai za ka gane kanka a jikinsa? Matan ƙasar Hausa sun shafe shekaru suna kuka da finafinan Indiya, ba harshe ɗaya ba, ba addini ɗaya ba a mafi yawan lokuta, saboda auren dole da uwar miji da biyayyar iyaye ba baƙinsu ba ne. A ɗaya gefen kuma, baƙar mace mai wanke-wanke a asibitin Mississippi ba lalle ta ga kanta a Molly mai ofis a Los Angeles ba, labarin Jesmyn Ward a Men We Reaped, na samari biyar da ta rasa cikin shekara huɗu har da ƙaninta, zai fi kusa da ita. Wannan ja yana rusa tunanin cewa launi kaɗai ya isa, amma yana ƙarfafa abin da nake faɗa. Abin da ke ratsa iyaka shi ne takamaiman abu. Michelle Zauner ta rubuta Crying in H Mart a kan yadda take kuka a kantin kayan abincin Koriya bayan rasuwar mahaifiyarta, kuma duk wadda ƙamshin daddawa ya taɓa tuna mata da uwarta ta san wannan kukan. Shirin da aka goge don ya dace da kowa shi ne ba ya taɓa kowa. Takamaiman abu kuwa sai wanda ya zauna a ɗakin ya san shi, kamar yadda Quinta Brunson, 'yar malamar makaranta a Philadelphia, ta san yadda malamai ke sayen kayan aji da kuɗin aljihunsu kafin ta rubuta Abbott Elementary.

Saura abu guda da ya rage wa hujjar tawa ƙarfi, kuma dole a faɗe shi: alƙalami kaɗai ba ya riƙe ƙofa a buɗe. Ƙananan tashoshi irin su Fox da UPN sun gina kansu da shirye-shiryen baƙaƙe lokacin da suke neman masu kallo, da suka samu gindin zama suka juya. A 2006 aka haɗe UPN da WB aka kafa CW, shirye-shirye irin su Half & Half da Eve da One on One suka tafi a lokaci ɗaya. Girlfriends, bayan zango takwas, an tsayar da shi a 2008 ko kashi na ban kwana ba a yi masa ba. Marubuciya tana iya rubuta gaskiya, amma mai tasha ne ke yanke ranar da za a daina jin ta. Michaela Coel, 'yar Landan wadda iyayenta 'yan Gana ne, ta fahimci wannan. Ta rubuta I May Destroy You daga abin da ya same ta ita kanta, lokacin da aka zuba mata ƙwaya a abin sha aka ci zarafinta. Jarumarta Arabella an zalunce ta, amma ita ma tana cutar da ƙawayenta, tana maye da yabon intanet. A 2017 Netflix ta yi wa Coel tayin dala miliyan ɗaya. Ta nemi a bar mata kashi biyar cikin ɗari na haƙƙin mallakar labarin, aka ƙi, ta tashi ta bar kuɗin. Ta kai shirin BBC da HBO inda aka bar mata iko da mallaka, ya fito a 2020 cikin kashi 12, kuma a 2021 ta zama baƙar mace ta farko da ta ci Emmy ta rubutu a rukunin gajerun shirye-shirye.